Abin da kike ji ta bayan katanga

Filinge, ƙarshen bazara

Zuwa ga maƙwabciyata kuma ƙawata Bibata,

Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina da rai ma, da sai kin miƙo mini ita in karanta miki, yadda kike yi da wasiƙun 'ya'yanki. Amma da alƙalami na saba, kuma hannu bai ƙi ni ba tukuna kamar yadda ƙafafu suka yi.

Labarin gari kaɗan ne. Ruwa bai sauka ba. Mutanen Bonkuku sun yi binne, iri yana cikin busasshiyar ƙasa, sun zauna jira. Akuyarki mai yagaggen kunne ta haihu a gidan ƙanenki. 'Ya'yanki sun ba da gidanki haya. Wadda ta shiga Salamatu ce, malamar lekol, kuma ni na koya mata riƙon alli lokacin da nake daraktar makaranta. Tana kwana daidai inda kike kwana, a gindin katanga.

Ciwon yana nan. Sunansa na likita, sikileroz, bai taɓa zama a bakinki ba. Ke dai wutar Madam kike ce masa. Likitan Yamai ya sake nuna mini tabo-tabon da ke lakar bayana a hoto. Ya ce jijiyoyin sun zama kamar wayar lantarki da bawonta ya zube, suna kai saƙon ƙuna inda babu wuta. Da rana ƙafafun kamar na aro ne, ko ƙaya na taka ba na ji. Da dare kuwa gefen zane ya taɓa su, sai ka ce garwashi aka zuba. Ina yin duk abin da aka ce: ƙwayar dare a kan lokacinta, miƙe ƙafafu kafin kwanciya, kwando a kife a ƙarshen gado domin ya ɗage mayafi. Ƙwayar tana rage kaifin abin, ta bar ni da jiri da safe. Abin da ya saura sai sanyi ke kwantar da shi.

Sanyin kuwa ke kike kawowa. In bazara ta yi, kowa ya fito da gadonsa tsakar gida, kina jin nishina. Sai in ji kin buɗe randa, sai jiƙaƙƙen zane ya sauko ta kan katanga. Daga nan ki kama zance, wai ke ma barci ya ƙi: surukarki ba ta iya dama fura ba, limamin unguwa yana jan karatu kamar babu tsofaffi a bayansa. Wani dare kika ce, "Madam, in kin gama gyara wa aljanu takardu, ki kashe fitila mu jahilai mu yi barci." Na yi dariya, hawaye na shiga mini kunne. Da danginki na ƙauye suka ga tafiyata suka ce iska ce, a kira masu goge, sau ɗaya kika faɗa mini. Na ƙi, ba ki sake ba.

Gari na wayewa mu gaisa kamar ba abin da ya faru. Ba ki taɓa tambayata ƙafa a gaban mutane ba, ni kuma ban taɓa ce miki na gode ba, domin ina ganin godiya za ta fito da abin fili. Kin ji haushin shiruna? Ɗan nan nawa na fari da ke Yamai, wanda ke kike iya kiran sunansa, ya daɗe da kafa mini sharaɗi: ranar da ya ji dare ya fi ƙarfina, zai ɗauke ni daga gidana. Duk zuwan da ya yi ya tambaye ki, sai ki ce masa minsharina ne ke hana kajinki barci.

Da Salamatu ta tare, sai na mai da gadona ɗaki na rufe ƙofa. Yaya yarinyar da ke tashi tsaye in na shigo aji za ta ji ni ina kiran uwata? Kin san rufin kwano a wannan lokaci. Na san zafi yana tayar da wannan ciwo, ni da kaina na karanta, amma na zauna a ciki. Ganina ya fara dushewa, ƙafar hagu ta fara ja. Wata asuba na kasa sauka daga gado in yi alwala, ina kwance ina jin masallaci har aka sallame. Daren da ya biyo na roƙi mai kawo mini ruwa ya fitar da gadon.

Iskar waje ta taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Amma ciwon ya zo lokacinsa, na cusa zane a baki, bai isa ba. A bayan katanga na ji motsi, aka tsaya, aka yi shiru. Da safe Salamatu ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Kafin la'asar wayar ɗana ta shigo. Ban ga laifin Salamatu da ta sanar da shi ba. Abin da mai hankali zai yi ta yi, kuma ni na koya musu a aji kada su ɓoye gaskiya.

Zai zo da mota ranar kasuwa. Na shirya jawabin da zan yi masa, mai hujjoji a jere, amma da na ji muryarsa sai na ce to. Na duba cikina ko akwai fushi ko baƙin ciki, ban tarar da kome ba. Na ba da kajina, na ɗaure littattafai.

Ya ce ɗakin da suka shirya mini yana da na'urar sanyi, yana can ƙarshen gida, bangonsa kauri ne, ba wanda zai ji ni. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, Bibata. Ga shi na samu.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki ta bayan katanga,
Rakiya