Wa Zai Buga Miki Ƙafa

Asabar, 31 ga Mayu, 2025

Zaman wata na ƙungiyarmu ta marubuta waƙa, gidan Dakta Haidar a Nassarawa, gindin mangwaro, bayan la'asar. Mun haura talatin. Yaran yanzu sun karanto nasu daga waya, ba kiɗa ba ƙafiya, sai yarfa hannu. Nabiha ce kaɗai mai dama-dama a cikinsu.

Ni aka bari ƙarshe. Shekara goma sha tara ni ke rufe taro: in rera baiti, Malam Tanko na kaɗa gurmi, jama'a su ɗauki amshi, in shiga baiti na gaba.

An tafa. Na dai ga an tafa.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta kai gulma. Tun bara ba na jin gurmin sosai, amshin ma sai gunaguni. Ƙafar Tanko nake kallo. Yana buga ƙasa, in na ƙirga takwas na san amshi ya ƙare, sai in shiga. Ba wanda ya gane.

Talata, 10 ga Yuni

Afrah ta matsa, ta kai ni wurin likitan kunne. 'Yar da na haifa ta koma yi mini faɗa. Ya sa ni a wani ɗan ɗaki, ya ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Hannuna ya daɗe a kan cinya.

Jijiya ce, ba ta dawowa. Na hagu ya tafi, na dama na bin sa a hankali. Ya ce na'ura za ta taimaka wajen hira, "amma kiɗa, Hajiya, sai haƙuri." Sai da ya faɗa sau biyu.

Afrah na tuƙi tana hawaye. Na ce ta kula da hanya.

Asabar, 28 ga Yuni

Na ɓoye na'urar ƙarƙashin ɗankwali. Ta mayar mini da gurmin kamar ana kankare ƙanzo. Na zare ta na jefa a jaka, na koma wa ƙafar Tanko. Na tsallake wannan watan ma.

Litinin, 7 ga Yuli

Tanko ya zo da hantsi yi mini sallama. Yatsunsa sun riƙe, sanyin ƙashi, ɗansa zai tafi da shi Kaduna gaba ɗaya. Na sa na'ura, na zauna kusa. Ya sha ruwa, ya yi ta jujjuya kofin. Can ya ce, "Malama, abin da ke damuna ɗaya ne. Wa zai buga miki ƙafa?"

Na ce wace ƙafa.

Ya ce shi tun yana koyo maigidansa ya hana shi buga ƙafa, shekara arba'in bai buga ba. Saboda ni ya fara, ranar da ya ga na shiga kan amshi har sau uku. Ko da ƙafar ma nakan yi gaggawa, sai ya tsallake kiɗan ya tarye ni. Wai Dakta ya ja kunnen kowa tun bara: da zarar Malama ta buɗe baki, a yanke amshi ko bai ƙare ba.

Kowa. Har yaran waya da nake rainawa.

Na raka shi bakin ƙofa, na yi masa godiya da baki. A raina haushinsa nake ji, Allah Ya yafe mini.

Laraba, 9 ga Yuli

Shekara guda ke nan ana tafa mini irin tafin da ake wa mara lafiya in ya shanye koko.

Asabar, 26 ga Yuli

Na je don kada a ce na gudu. Dakta ya kawo mai fiyano daga wani otal. Tebur aka shimfiɗa masa da zane har ƙasa, ko takalminsa ban gani ba. Kuma ba a gaya masa komai ba, ko an gaya masa bai iya ba.

Baiti na farko lafiya. Na ƙirga takwas a zuciyata na shiga. A na uku na ɗago kai, sai na ga rabin bakunan na motsi, rabi sun tsaya, mai fiyano na kallon Dakta. Nabiha ta sunkuyar da kai. Ban san tun yaushe nake rerawa ni kaɗai a wata hanya daban ba.

Na naɗe takardata. Na ce maƙogwaro ne. Suka tafa, sun fi kullum ma. Wannan tafin ya fi komai ciwo.

Asabar, 30 ga Agusta

Ban je ba. Dakta ya kira sau huɗu, na ga wayar na haske. Ruwa aka yi ta yi, ban sani ba sai da na ga tsakar gida ta jiƙe.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wata waƙa ta zo mini ina yankan kuɓewa. Baiti bakwai. Me zan yi da ita? Waƙar da ba za a rera ba. Na rubuta dai, hannu ya saba.

Asabar, 27 ga Satumba

Afrah ta ajiye ni a ƙofar gidan Dakta, wai hanyarta ce. Ba hanyarta ba ce.

Na miƙa wa Nabiha takardar. Ta ce, "Mama, ni?" Na ce kada ta yarfa mini hannu, ta tsaya cak, ta ja numfashi a inda na sa alama. Na zauna a kujerar gaba, inda ban taɓa zama ba.

Ban ji muryarta ba. Ban san ko ta yi daidai ba, kuma ba wanda zai gaya mini gaskiya. Amma da ta kai ƙarshen baiti, bakuna talatin suka buɗe tare, suka kai amshin har ƙarshensa, ba wanda ya yanke. Rabon da a cika amshina shekara guda.

Kunnen dama ya ƙara ja baya wannan makon. Ba abin da ya gyaru.

A baiti na biyar na kama ƙafata tana buga ƙasa. Nabiha kuwa ƙafar tawa take kallo.