Kwanon Anti, murfin Makcik

Alhamis, 24 ga Nuwamba, 2022, Wangsa Maju

Yau dai an samu gwamnati a ƙasar nan da nake zaman baƙunci. Ba wanda ya samu rinjaye a zaɓe, shi ne waɗanda suka gama zagin juna suka haɗe. Su ta shafa. Ni abin da na gani a lif ɗin hawa benenmu ne ya tsaya min a rai.

Maƙwabtana na tarar, Makcik Rohana (Makcik kamar Inna ke nan a yarensu) da Anti Lim, kowacce da takunkumi, da sauran tawadar zaɓe a yatsa, ba mai kallon wata. Tun ranar zaɓe ba sa ga maciji, kowacce ta bi jam'iyyar ƙabilarta.

Su ne fa bara, lokacin kullen korona, da abincina ya ƙare na rataye farin mayafi a taga don neman taimako, Anti ta sayo shinkafa da kaza, Makcik ta dafa, da yake ita ce musulma irina, don in ci hankali kwance. Tare suka buga min ƙofa.

Yau da Anti ta fita daga lif, Makcik ta ce, "'Yata, ki rage shiga wurin mutanen nan."

Na ce to. Me zan ce?

Kwanon da suka kawo min abincin a ciki yana nan, ban mayar ba. Kwanon na Anti ne, murfin na Makcik. Na rasa ƙofar da zan fara bugawa.