Mijina Ya Hana A Taɓa Ganyen Sarauniya

Goggo Herminia, don Allah ki agaza mini kafin Asabar, kaina ya ɗaure.

Shekarata talatin da ɗaya da mijina Baldovino, ba mu taɓa kwana da fushi ba sai a kan ganye. Tun da ya bar kamun kifi saboda ciwon gwiwa, ya dasa nalka a fadamar bayan gidanmu. Nalka fa, Goggo, ciyawar nan mai manyan ganye da ke tsirowa a bakin kowane rafi ba mai kulawa. Shi kuwa tasa ta ado ce. Kashin tumaki, ban ruwa, har suna ya raɗa mata, wai Sarauniya. Gaskiya ta yi kyau, ta fi shi tsawo, ganye ɗaya sai ya kare mutum uku daga ruwan sama. Maƙwabta na wucewa suna tambayarsa yaushe za a kai ta makaranta.

To ranar Asabar muke gayyar tonon dankali, mutum ashirin. Kin san dole in yi kuranto, gashin nan namu na cikin rami: duwatsu masu zafi, su kaguwa da kifin teku, naman alade, a lulluɓe da ganyen nalka. Na bakin rafinmu shanu sun tattake. Na ce ya ba ni ganye goma na Sarauniya, ya ce in rufe da leda. Leda! Mahaifiyata Ubaldina ta rantse in aka yi haka ba za ta sa wa bakinta ba, kuma baɗi mu tone dankalinmu mu kaɗai. Ta yi gaskiya, garin nan ba a manta abincin gayya.

Har na wasa wuƙa, ina jiran ya tafi coci. Amma jiya na hango shi yana cire wa abar katantanwa ɗaya bayan ɗaya, sai tausayi ya kama ni. Ina son mutumin nan, ina kuma jin kunyar mutane. Yaya zan yi?

Matar Mai Ganye, Quemchi

'Yar'uwata, fara mayar da wuƙar nan kicin. Ganyen da aka yanka a ɓoye zai dafa nama, amma a teburinku zai daɗe yana ɗaci.

Kina da gaskiya: kuranto da leda cin fuskar masu gayya ne. Shi ma yana da tasa, abin da mutum ya rena da hannunsa ba ciyawa ba ne, ko da duniya ta ce ciyawa ce.

Ga abin da ya sauƙaƙa lamarin. Kaka ta yi, nan da 'yan makonni sanyi zai kwantar da ganyen nan ko an so ko ba a so. Masu lambu ma yanka manyan na gefe suke yi, su kifa wasu a kan gindin don kare shi. Saiwar ba ta jin komai, da bazara za ta dawo fiye da haka. Ki faɗa masa wannan bayan ya ci ya ƙoshi, ba a gaban Inna Ubaldina ba.

Sannan kada ki ce ya ba ki. Ki roƙe shi ya yanka da kansa, ya ɗauko a gaban jama'a, ya rufe ramin da hannunsa. Masu zolayar nan su ga ganyen Sarauniya huɗu sun yi aikin ashirin na bakin rafi.

Ni ban ga rowa a wasiƙarki ba. Na ga mutumin da ya shekara talatin yana shigowa gida da kifi a kafaɗa, yanzu ba wanda ke jiran komai daga hannunsa. Ranar Asabar ki sa mutum ashirin su jira shi.

Allah ya ba da dankali mai yawa, ya bar ku tare.

Goggo Herminia