Ƙafafu Ashirin da Takwas

Litinin, 3 ga Maris
Tsohuwar mitar awon wuta da ke kan teburina ta fara shirme. Na kunna ta da safe, ta rubuto lambobi marasa kan gado, ta tsaya cik. Shekara talatin da ɗaya muna tare. Duk abin da na gyara, sai ta tabbatar mini kafin in sallami mai shi.

Talata, 4 ga Maris
Na buɗe ta. Aisin ƙwaƙwalwarta ne da matsala, wato IC, ɗan baƙin nan mai ƙafa ashirin da takwas, mai batir a cikinsa. Batirin ya kusa mutuwa. A ciki aka ajiye lambobin saitinta tun daga kamfani, kamfanin kuwa ya daɗe da rufewa. Dole in cire shi daga fanel, allon da aka manna shi da dalma, in kwafe lambobin zuwa sabo. In zafi ya yi masa yawa, shi ke nan, mita ta zama kwanon ajiye ƙusoshi.

Alhamis, 6 ga Maris
Sau uku ina ɗaukar ƙarfen dalma ina ajiyewa. Hannun dama ne ke rawa. Rawar ta fi ta bara.

Asabar, 8 ga Maris
Maman yara ta shigo da shayi, ta same ni na danne hannu da gwiwa. Ta ce, "Malam, wa kake ɓoye wa? Ni fa nake wanke rigunan da shayi ke zubar maka." Wai in nuna mata aikin ta yi mini, ai har yau ba ta sa tabarau in za ta zura zare a allura. Na ce wannan ba keken ɗinki ba ne. Ta ajiye kofin ta fita, ko ƙofar ba ta buga ba. Da ma ta buga.

Lahadi, 9 ga Maris
Na kai mata mataccen fanel har ɗakin ɗinki, ta gwada hannu a kai. Ta ƙone aisi biyu. Na ukun ya fita tsaf.

Laraba, 12 ga Maris
Yau muka yi. Ita a kujerata, ni a tsaye ina ƙirga ƙafafu. Ta goma sha tara ta ƙi saki. Na fara, "Ɗaga ƙarfen, ɗaga, zai—" Ta ce, "Malam, don Allah yi mini shiru." Na yi. Ta hura, ta jira, ta sake taɓawa, aisin ya faɗo a tafinta.
Lambobin sun kwafu duka. Mita ta tashi, ta ba ni awo daidai. Abin da ta ce kawai, warin dalma ya kama mata ɗankwali.

Juma'a, 14 ga Maris
Wani tsoho ya kawo rediyo. Na ce ya bar shi, za mu duba. Ya leƙa bayana yana neman na biyun da ya sa na ce "mu". Ban gyara maganar ba.