Ashirin da Ɗaya

Daren Laraba, Zakirai

Gaskiya gabar masu ilimi abar sha'awa ce, ba ta tsufa. Mu 'yan kasuwa in mun yi faɗa da safe, da la'asar muna raba goro. Amma Malam Habu da Baba Ɗanlami, tun suna aikin tace zinariya tare a Jos suke musun wa ya fi iya gwaji, har furfura ta dawo da su gida suna yi.

Yau wata Hajiya ta kawo ɗan kunne rumfata, inda su biyun suke zama, za ta sayar, ta ce Baba Ɗanlami kaɗai ta yarda ya gwada. Ya goga shi a baƙin dutsensa, ya ɗiga asid, sai ya yi ta kai dutsen kusa da hancinsa. Ashe idon ya tafi, sai yau na gane. In ya kuskure, ba mai sake kawo masa ko zobe.

Malam Habu ya leƙo ta kafaɗarsa ya ja tsaki. "Yanzu don ka ɓata min rai sai ka ce karat sha takwas ne, ko?"

"Ashirin da ɗaya ne, tsohon banza."

"Ka ci sa'a."

Nan na gane Malam amsar ya nuna masa a fakaice. Sha takwas ta fi min riba, amma wallahi na biya Hajiya ina murna.

Daga baya Malam ya jawo bencinsa kusa da na Baba, wai rana ta dame shi. Rumfar da ke ƙarƙashin tsamiya, ta ina rana take shiga?