Zanar da Na Kafa wa Tuɓaɓɓen Sarki

Zuwa ga ƙanena Malam Ilu a Gwanja. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar fatauci? Ina iyali? Yau Laraba, tarin ya lafa, amma ƙafa ba ta kai ni masallaci.

An tuɓe Sarki, kuma ƙauyukan Kafur duk sun ƙi karɓarsa don tsoron sabon. Na aika masa ya zo, tunda tare muka riƙi allo. Mai unguwa ya ce, "Malam, za ka rasa gonarka." Na ce kabari ya fi gonar kusa da ni. Har zana na sa aka kafa, don bai saba cin tuwo gaban mutane ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da yara. Kwana tara ke nan ina zaune ƙofar gida, bai iso ba.