Takarda Mai Hatimin Di'o

Sabon Birni, 4 ga Maris, 1941

Zuwa ga ƙanena Na'Allah, malamin hakimi a Isa. Bayan gaisuwa.

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka tuɓe ni daga aikin da kake riƙe da shi, ban kuwa taɓa roƙonka ko allura ba. Ni na koya maka riƙon alƙalami da na dawo daga karatu Kano, amma ranar da aka kore ni ba ka buɗe baki ba. Ban manta ba. Sai dai ba wannan ta sa na rubuto ba.

Ka san tun da yaƙi ya raba Ingilishi da Faransa aka rufe iyaka. Gishiri ya yi wuya, fatake sun daina zuwa Maraɗi. To, ɗiyata Khadijatu tana aure gaba da Burkusuma, ɓangaren Faransa, cikinta na fari ya shiga wata bakwai. Lokacin goyon ciki ya yi, ya kamata ta zo ta haihu gaban uwarta. Uwar tata Fadima ta tara itacen wankan jego har ya kai tsayin danga, ta bar cin abinci, kullum idonta na ga hanyar arewa.

Uwar mijin ta aiko wai a bari yarinyar ta ɗora ƙwarya a ka ta bi Fulani masu tallan nono, wai masu gadi ba su tambayar mata. Na ce a'a. Ɗiyar mai ilimi ba ta shiga garin ubanta kamar ɓarauniya. Ka samo mini takardar izini mai hatimin Di'o, da sunanta da na mijinta Wada.

Haza wassalam. Yayanka, Kalilu.

Isa, 11 ga Maris

Zuwa ga Yaya Malam Kalilu. Gaisuwa mai yawa da ladabi, a gai da Fadima da mutanen gida.

Maganar baya ba ni da bakin amsa ta a takarda. Ga izinin nan, Di'o ya sa hannu da ya zo rangadi. Amma Yaya, don Allah ka duba shawarar tsohuwar nan. Yero, makiyayin da ke riƙe mini shanu, ya ce matansu na ƙetarewa kowace ranar kasuwa, ba mai ce musu uffan. Da na nuna masa takardar dariya ya yi, ya ce, "Malam, mai ƙwarya ake bari, mai takarda ake tsarewa." Faransawan yanzu ba na da ba ne, duk abin da ya fito hannun Ingilishi zarginsa suke yi.

Allah ya ƙara girma. Ƙanenka, Na'Allah.

Sabon Birni, 25 ga Maris

Na'Allah, sallama.

Ban ɗauki maganar makiyayinka ba. Na ce ni da na yi shekara tara ina zama da Nasara, na san hatimi suke girmamawa, sai na ba wani ɗan aike, Maliki mutumin garin Kurawa, takardar ya kai. Kwana goma shiru, kowane motsin jaki sai mu fita ƙofa.

Jiya Maliki ya dawo. Ya ce Wada ya ɗora ta bisa jaki suka bi babbar hanya da rana tsaka, kamar yadda na umarta. Matan Fulani na wucewa ta gefensu suna hira lokacin da ya miƙa takardar a barikin masu gadin iyaka. Mai gadi bai iya karatu ba, hatimin kawai ya gane. Ya kira shugabansu, aka ce Wada ɗan leƙen asirin Ingilishi ne, aka ɗaure shi aka nufi Maraɗi da shi, aka riƙe jakin. Khadijatu ta yi kwana biyu ƙarƙashin aduwa a bakin barikin cikin zafin nan, sannan aka ce ta koma. Da ƙafa ta koma.

Fadima ba ta yi mini magana tun jiya. Ka je wurin Di'o. Ka durƙusa in ta kama. Ni da kaina za ni zo Isa in durƙusa maka.

Kalilu.

Isa, 28 ga Maris

Yaya, bayan gaisuwa da jaje.

Na je. Di'o ya ce ba magana tsakaninsu da Faransa yanzu, ko shi ba ya iya aika takarda can. Kada ka zo, ba durƙuso tsakaninmu. Na yi magana da Yero, matansa biyu za su tafi ran Alhamis da ƙwarya ta uku da zane irin nasu, su taho da ita sannu a hankali ta cikin fadama. Roƙona ɗaya: wannan karon kada ka rubuta komai.

Allah ya sauke ta lafiya. Na'Allah.

Sabon Birni, 5 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Na'Allah. Assalamu alaikum.

Ka yi wa Yero godiya, matansa sun cika alkawari, sun je sun dawo ba wanda ya tare su. Kai ma na gode. Kun faɗa mini, ku uku, kai da Yero da uwar mijinta, ban ji ba.

Wada har yanzu ba labarinsa. Naƙuda ta kama Khadijatu tun bayan tafiyar ƙafar nan, wata bai cika ba. Ta rasu ran Laraba da hantsi, kwana ɗaya kafin su isa. Abin da ta haifa namiji ne, ya kai la'asar sannan shi ma ya bi ta. An binne su can, ba kowa daga gidanmu.

Wassalam. Kalilu.